Sabon rediyon mota yana mance salulata kullum da safe, ina mafita?

Lawali Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka san wutar mota a zauren nan. Sati uku ke nan da na sa sabon rediyo a motata, Golf 4, irin mai allon nan na inci 7 da ake taɓawa da yatsa, mai Bluetooth da wurin USB. Jikka 38 na saye shi, na ba yaron da ya ɗaura jikka 3. Ranar farko sai sam barka, na haɗa salulata, ƙara ta fito tsaf.

To tun washegari ake ta fama. In na tada mota da safe sai in iske agogo ya koma 00:00, tashoshin da na ajiye sun goge, harshen ma ya bar Faransanci ya koma Turanci. Salula kuma ba ta haɗuwa da shi sai na goge sunansa a cikinta na sake nema daga farko. Ko sallah na tsaya a Gazawa na kashe mota minti goma, haka zan sake yi. Ni kuwa hanya ce aikina, Maraɗi zuwa Tasawa zuwa Damagaram sau biyu a sati, abokan ciniki na ta kira. Don in daina riƙe salula a kunne ina tuƙi na sayi abin nan.

Akwai wasu biyu kuma. FM ba ya kamawa kamar tsohon: da can har Cadawa ina jin tashoshin Maraɗi, yanzu kafin in fita gari sai shuuu. Sannan akwai wani siririn kuka da ke fita a sifika in mota na tafiya. Rediyon ne ba shi da kyau, ko salular ce?

Nasiru Kadro:
Wa alaikumus salam. Malam Lawali ka mayar musu da kayansu tun kwalin bai yage ba. Irin waɗannan marasa suna na sa biyu, babu wanda ya shekara.

Habibu Direba:
Ba sai ka mayar ba. Ka sa a ɗaure ja da mai ruwan ɗorawa wuri guda a kai su batir kai tsaye. Tawa haka take, ba ta taɓa mance komai ba.

Malam Sule mai wutar mota:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Habibu dakata tukuna, za mu dawo kan wagga shawara taka. Don kada mu rikice, wayar kira zan ce mata salula, wayar wuta in ce fil.

Lawali, tambaya guda: da yaron ya ɗaura, ya yanke fil ɗin mota ya haɗa ɗaya bayan ɗaya, ko soket ya tura cikin soket?

Lawali Zariya:
Bai yanke komai ba Malam. Ina tsaye a kansa. Soket ɗin rediyon ya shiga na motar daidai, har yana cewa na yi sa'a.

Malam Sule mai wutar mota:
To nan matsalar take, in sha Allahu. Soket ɗin nan na motocin Turai, ISO ake ce mishi. Gida biyu ne, kowane da ƙafa 8: guda na sifika, guda na wuta. Rediyo shina son wuta iri biyu. Fil mai ruwan ɗorawa shina son wutar batir wadda ba ta yankewa ko ka zare makulli, ita ke riƙe mishi agogo da tashoshi da duk abin da ka ajiye. Ja kuma wutar kontak ce, ita ke gaya mishi "an murɗa makulli, tashi", in an zare ta ce "kwanta".

A tsarin da masu yin rediyo ke bi, ƙafa ta 4 ita ce wutar kullum, ta 7 ita ce ta kontak. Amma Volkswagen da Opel da Audi na waɗannan shekaru sun juya su: 4 kontak, 7 ta kullum. Rediyonsu na asali an yi shi a kan haka, don haka babu laifi a motar. Kai kau da ka kawo na kasuwa, soket ya shiga daidai amma wuta ta shiga a juye. Mai ruwan ɗorawa ya samu kontak, ja ya samu ta kullum. Da ka zare makulli ka yanke mishi abincin da yake riƙe ƙwaƙwalwa da shi. Shi ya sa kowace safiya yake tashi kamar yau anka fiddo shi daga kwali.

Batun salula kuma daga nan ya taso. In sunka haɗu karon farko, akwai lambar sirri da kowane ke ajiyewa don su gane juna gobe. Manyan rediyo suna ajiye ta inda ba ta gogewa, amma da yawa cikin masu araha suna zubar da ita in wuta ta yanke. Salularka ta zo da tsohuwar lamba, shi kuma ya ce bai san ta ba. Sai ka goge ka sake.

Lawali Zariya:
Ikon Allah. Wato ba lalacewa ya yi ba? To yaya zan tabbatar kafin a taɓa?

Malam Sule mai wutar mota:
Da fitilar gwaji, ko mita in akwai. A fiddo rediyon, a zare makulli gaba ɗaya, a maƙala ƙafar fitila a ƙarfen mota, a taɓa ƙafa ta 4 da ta 7 a soket ɗin motar. Wadda ta kawo haske babu makulli ita ce ta kullum, ita za ta tafi ga mai ruwan ɗorawa. In mita ce za ka ga wajen volt 12.6 in batir na da lafiya.

Ka duba fil ɗin da sunka zo cikin kwalin rediyon. Mafi yawa ja da mai ruwan ɗorawa suna da mahaɗi a tsakiya, irin wanda ake zarewa da hannu a mayar. Don wanga dalili anka yi shi. Ka zare biyun ka musanya su, shi ke nan, ko minti biyar ba a yi. In babu mahaɗin, a yanka a gefen rediyo, kada a taɓa na mota, a yi dalma a rufe da kyau. Ban yarda da murɗa fil da hannu a naɗe da salatif ba. Zafin Maraɗi shina narkar da gam ɗin salatif, hanyar Dakwaro ta girgiza shi, wata rana ya taɓa ƙarfe. Kuma a cire kan batir na mas, wato na (-) da anka ɗaure a ƙarfen mota, kafin a fara.

Abu guda da nike roƙon kowa ya riƙe: launin fil ɗin rediyo daban, na mota daban. A rediyo baƙi ne mas. A motar Jamus ruwan ƙasa ne mas. Wanda ya bi launi ya haɗa ba tare da gwaji ba, in ya yi sa'a fizibil, ɗan abin nan da ke yanke wuta in ta yi yawa, ne zai ƙone.

Habibu Direba:
Malam Sule da girmanka, amma ni shekara biyu ke nan da haɗa nawa wuri guda, batir bai taɓa kwana ba. Kuma ina jin daɗinsa, ko a tasha ina jiran fasinja ina sauraren labarai ba sai na sa makulli ba.

Malam Sule mai wutar mota:
Na yarda da kai Habibu, ba ƙarya kake ba. Amma kai kullum kana kan hanya, altaneta na mayar da abin da anka sha da dare. Ka ajiye motar kwana huɗu ka gani. Mota in tana kwance, duk abin da ya kamata ta ja daga batir bai wuce miliamfa 50 ba. Rediyo mai allo in ja na samun wuta, bai san an kashe mota ba. Mu ɗauka rabin amfa yake ja. A awa 24 ya sha amfa-awa 12 daga batir mai amfa-awa 60. Kwana uku ya sha fiye da rabi, kuma wannan in batir sabo ne. Wa ke da sabon batir cikinmu?

Habibu Direba:
Ai ina kashe shi da maɓalli kafin in fita.

Malam Sule mai wutar mota:
Maɓallin allo yake kashewa da ƙara. A wasu cikin na nan a farke, Bluetooth na ta neman salula har asuba. Ban ce duka ba, akwai waɗanda ke kwanciya sosai. Sai an sa mita a tsakanin batir da fil ɗin da ke ɗaure a kansa ake ganewa. Ka kawo taka in auna maka kyauta, mu duka mu ƙaru.

Mamman Sani:
Ni shaida ne. Da babbar sallah na ajiye tawa kwana biyar na tafi Mayahi da motar haya. Da na dawo ko fitilar tablo ba ta kawo ba. Haɗin da Habibu ke faɗa shi aka yi min. Batir ɗin bai sake komawa daidai ba, wata biyu na sayi wani.

Habibu Direba:
To zan kawo ta Juma'a bayan masallaci a auna. In ta nuna tana sha na gyara.

Hajiya Rabi:
Sallama gare ku. Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda masana sun hallara. Nawa rediyon ba ya mance komai, yana haɗuwa da salula da kansa. In aka kira ni ina ji a sifikar mota. Amma in na kunna karatun Alƙur'ani ko saƙon murya na WhatsApp, sai ya fito a salular, motar shiru. Wata biyu ina haƙuri da shi haka.

Abdul'aziz UDDM:
Hajiya ina wuni. Wannan ba aikin fil ba ne, a cikin salula yake. Bluetooth ba hanya ɗaya ba ce. Kira yana bin tasa, ana ce mata HFP. Karatu da waƙa da saƙon murya suna bin wata, A2DP. Ta farko a buɗe take a wurinki, ta biyu ce a rufe.

Ki shiga saitin Bluetooth, ki nemi sunan rediyon, ki taɓa alamar da ke gefensa. Za ki ga maɓallai: ɗaya na kira, ɗaya na sauti. In salular da Faransanci take za ki ga "Appels" da wani mai kalmar "multimédia". Ki kunna na biyun. Bayan haka a rediyon ma sai kin shiga wurin da aka rubuta BT Music ko A2DP. Kira yana kutsowa da kansa ko FM kike ji, karatu kuwa ba ya kutsowa sai kin buɗe masa ƙofa.

Hajiya Rabi:
Bari in fita wurin motar in gwada.

Hajiya Rabi:
Alhamdu lillahi! A kashe yake wallahi. Na kunna, karatu ya fito. Allah Ya yi maka albarka ɗana, Ya ba da sa'ar karatu. Sai dai ƙarar ba ta da ƙarfi kamar ta FM.

Abdul'aziz UDDM:
Amin Hajiya, na gode. Ki ƙara ƙarar salular kanta yayin da karatun ke tafiya, ki kai ta kusan ƙarshe, sannan ki daidaita da na rediyo. Salula tana riƙe ƙarar Bluetooth dabam da ta sifikarta. Kuma in wata rana ya ƙi haɗuwa da taki, ki duba ko salular wani a gida ta riga ki. Yawancin masu arahar nan salula ɗaya suke ɗauka a lokaci guda, wadda ta fara isa ita ce da wuri.

Hajiya Rabi:
Ai kuwa ɗiyata ta taɓa haɗa tata. Shi ya sa wata rana in tana cikin mota nawa ba ya shiga. To na gane.

Lawali Zariya:
Malam Sule, kukan nan fa? Shi ma juyewar fil ɗin ce?

Malam Sule mai wutar mota:
A'a, wannan dabam ne. Gaya mini: in ka taka totur kukan shina ƙara siranta ya hau sama, in ka saki ya sauko? Kuma a kowane lokaci kake jinsa, ko sai ka haɗa wani abu?

Lawali Zariya:
Yana bin totur daidai. Da na gaji da Bluetooth sai na koma sa igiyar sauti ta AUX, ina kuma cajin salular a wurin kunna taba. A lokacin ne ya fi yawa. In FM ne ba na jinsa sosai.

Malam Sule mai wutar mota:
Kukan altaneta ne, shi ya sa yake bin gudun inji. Salularka ta samu mas ta hanya biyu: guda ta igiyar caja, guda ta AUX. Mas biyun ba su daidaita ba ko da kaɗan ne, sai 'yar wuta ta bi ta igiyar sauti ta shiga sifika. Gwada ka zare cajar kana tafiya, in ya yi shiru an gama magana. Da Bluetooth ɗinka ya gyaru ka ajiye AUX, matsalar ta tafi da kanta, don babu igiyar da zai bi. Wanda dole sai ya yi amfani da AUX, akwai ɗan ƙaramin akwati da ake sawa a tsakiyar igiyar shina raba mas ɗin, ko ya canza caja, don cajojin jikka guda ɗin nan su ma suna da nasu kuka.

In ka zare komai kuma kukan na nan, to sai mu duba mas ɗin rediyo da kan batir, mu auna altaneta. In inji na aiki ya kamata mita ta nuna tsakanin 13.8 da 14.4. Kuma diyod guda in ya mutu a cikin altaneta kuka shina ƙaruwa sosai. Amma kada mu je can tukuna.

Nasiru Kadro:
Duk na ji, kuma na ƙaru. Amma maganata tana nan. Nawa na biyu wani ƙwararre ne ya ɗaura, fil daidai. Da zafin Afrilu ya zo, in na yi rabin awa ina ji sai ƙara ta ɗauke, allo na aiki amma shiru, sai ya huce ta dawo. Kafin damina ya mutu gaba ɗaya. A kwali an rubuta 4x60W. Ina sittin ɗin?

Malam Sule mai wutar mota:
Nan kam gaskiyarka Nasiru, ba zan yi maka gardama ba. Lambar kwali ba ita ce ƙarfin da yake bayarwa a zaune ba. Rediyon da ke aiki da wutar mota kai tsaye, ba tare da amfili (na'urar ƙara ƙarfin sauti) na dabam ba, abin da yake iya ba kowace sifika mai om 4 ba tare da ƙara ta fashe ba bai wuce wajen wat 20 ba, ko mai suna ne ko marar suna. Bambancin shi ne mai kyau shina da ƙarfen sanyaya mai kauri a bayansa, mai araha kuwa ɗan falle ne. A Afrilu da Mayu muna wuce digiri 40 a inuwa, ka ƙiyasta cikin tablon motar da ta wuni a rana. Ɗaukewar da kake ji, abin ne ke kare kansa daga ƙonewa.

Amma akwai abin da mu ma muke ƙara mishi. Na sha buɗe mota in iske an haɗa sifika biyu a layi guda, om 4 ya koma 2, zafi ya ninka. Ko a ɗauki fil ɗin sifika mai ratsin baƙi a ɗaure a jikin mota wai mas ne. Rediyon yanzu ba a yi mishi haka, kowace sifika fil biyu nata ne ita kaɗai: fari gaba hagu, ruwan toka gaba dama, kore baya hagu, shunayya baya dama. Ka taɓa ɗaya da ƙarfe ka kashe amfilin ciki. Wanda ke da halin sayen Pioneer ko Sony ko Kenwood na gaske ya saya, in ya tabbata na gasken ne. Wanda ba shi da hali ya sa kwali a gilashi in zai ajiye mota a rana, kuma kada ya ƙure ƙara.

Nasiru Kadro:
Sifika shida ne a tawa, huɗu aka ce layinsa. Ka ga ban taɓa tambayar yadda aka haɗa biyun ba.

Lawali Zariya:
Ni yanzu yaron nan ne ya ba ni haushi. Sati uku ina wahala, na koma wurinsa sau biyu yana ce min salulata ce. Gobe zan je ya ba ni kuɗina.

Malam Sule mai wutar mota:
Ka yi haƙuri Lawali. Laifinsa guda ne, bai sa fitilar gwaji ba, kuma da ka koma ya ɗora wa salula maimakon ya buɗe. Wannan a gaya mishi. Amma yaran nan a kan Toyota sunka koyi aiki, ita ta cika garin. Mai yiwuwa bai taɓa jin batun ƙafa ta 4 da ta 7 ba. Ni ma sai da wani maigidana ya nuna mini a kan wata Opel, bayan na kwana biyu ina zargin rediyo. In ka karɓe jikka ukunka, gobe wani mai Golf zai zo ya yi mishi irin ta. Ka koma da saƙon nan ka nuna mishi, ya musanya da hannunsa a gabanka.

Alhaji Ɗan Gulbi:
Maganar Malam Sule ita ce. Ka bar masa kuɗin, ka sa ya gyara. Yaro ne mai neman na kansa.

Hajiya Rabi:
Tunda ana maganar masu ɗaurawa, ina da roƙo gare su. Ku daina buɗe wa direbobi bidiyo yana aiki mota na tafiya. Watan jiya na shiga motar haya zuwa Madarumfa, direba na kallon fim a allon, ga amalanken shanu ga 'yan kabu-kabu. Sai da na yi masa magana sau biyu ya kashe. Rayukan mutane ne a hannunsa.

Malam Sule mai wutar mota:
Hajiya kin taɓo inda ke mini ciwo. Akwai fil guda da ya kamata a kai ga birkin hannu, don hoto ya fito sai mota na tsaye. Mutane ke cewa a ɗaure shi a mas don ya yi aiki kullum. Ni na daina yi, ko za a kai aikin wani wuri.

Ibro Tsibiri:
Abdul'aziz taimaka min da tawa. A allon akwai Android Auto, mai fito da taswirar salula a allon mota, in na sa igiya sai salula ta yi caji kawai, taswira ba ta fitowa.

Abdul'aziz UDDM:
Yaya Ibro fara da igiyar. Igiyar USB cikakkiya siraran fil huɗu ne a cikinta, biyu na wuta biyu na saƙo. Da yawa cikin waɗanda ake sayarwa a bakin titi biyun wutar kawai ke ciki, caji za su yi har abada amma ba za su kai saƙo ba. Gwajinta mai sauƙi ne: ka haɗa salula da kwamfuta da ita, in kwamfutar ba ta ga salular ba, ta caji ce kawai. Ka nemi gajera, wadda ba ta wuce mita ɗaya ba, ta asalin salular in tana nan.

Sai ramin. In rediyon na da USB biyu, sau da yawa ɗaya ne ke ɗaukar salula, ɗayan na caji ne ko na kile, wato filas ɗin USB da ake zuba waƙa a ciki. Ka gwada duka. Sannan ka haska ramin salularka da tocila. Bayan hunturu ƙura da zaren aljihu suna dunƙulewa a ciki, igiya ba ta kaiwa ƙarshe, mota na faɗawa rami ta yanke. Ka kashe salular ka sakace a hankali da tsinken sakace. Ban da allura.

In salularka Android 10 ce ko sama, Android Auto na cikinta tun asali, ba sai ka sauko da shi ba.

Ibro Tsibiri:
Igiyar dala ɗari ce na saya a tasha. Zan nemo ta asalin. Kile ɗina mai giga 64 ma ba ya karantawa, na 8 kuwa yana yi.

Abdul'aziz UDDM:
Wanda ya wuce 32 yawanci da tsarin exFAT yake zuwa, ƙananan rediyon nan kuma FAT32 suka sani. Ka kwashe abin da ke ciki a kwamfuta tukuna, don juya shi yana goge komai, sannan a mayar da shi FAT32.

Lawali Zariya:
Assalamu alaikum, na dawo da labari. Jiya na koma wurin yaron da saƙon Malam Sule. Da farko ya so ya musa, maigidansa ya ce a kawo fitila. Aka zare makulli, ƙafa ta 7 ta kawo haske, ta 4 shiru, kamar yadda aka faɗa. Mahaɗin ma yana nan a jikin fil ɗin, ya zare ya musanya. Na goge sunan rediyon a salula na sake haɗawa sau ɗaya. Yau da asuba na tada mota, agogo daidai, kafin in fita ƙofar gida salula ta shiga da kanta. Na je Tasawa na dawo, na kashe mota sau huɗu, bai mance ba. Kukan ma babu tunda na ajiye AUX. Yaron ya ba ni haƙuri, har ya ce in tura masa bayanin a salularsa. Allah Ya saka da alheri Malam, Ya ƙara buɗi.

Saura FM. Har yanzu ina wuce Jiratawa ko na nufi Cadawa sai ya fara shuuu.

Malam Sule mai wutar mota:
Madalla, amin. FM ɗin ma na san inda yake. Eriyar da ke kan rufin Golf 4 tana da ɗan amfili a gindinta, kuma wutarsa ta cikin igiyar eriyar take bi, rediyon asali ke tura ta. Na kasuwa ba ya turawa, don haka amfilin a kashe yake, sai tashar da ke kusa kake kamawa. Akwai ɗan adafta da ake sawa tsakanin igiyar eriya da rediyo, shina da siririn fil guda da ake haɗawa da shuɗin fil na rediyo, wanda ke kawo volt 12 in an kunna. Shi ke tura wutar sama.

Kafin nan ka shiga saitin rediyon ka duba yankin da anka sa shi. In Amurka ne ka mayar Turai. A tsarin Amurka tsalle yake yi daga 88.1 zuwa 88.3 zuwa 88.5, duk tashar da ke kan lamba irin 88.2 ba zai tsaya daidai kanta ba. In kuma Japan ne, daga 76 yake farawa ya tsaya tun bai kai 100 ba.

Lawali Zariya:
Na duba yanzu, Turai yake. To adaftan ne ke nan. Ana samunsa a nan? In babu, ba gara in mayar da tsohon don labarai ba?

Malam Sule mai wutar mota:
Tsohon in ka mayar zai iya rubuta SAFE ya nemi lambar sirri mai lambobi huɗu, tunda an yanke mishi wuta. In ba ka da lambar kada ka yi ta gwadawa, shina kullewa. Ka bar sabon a wurinsa. Adaftan ban cika ganinsa a shagunan nan ba, daga Kano nike sa a kawo mini.

Alhaji Ɗan Gulbi:
Yarona zai bi ta Jibiya ranar Lahadi, Talata yana Kano. Malam Sule ka turo min hotonsa in tura masa, kada ya sayo wani abu dabam.

Malam Sule mai wutar mota:
Na tura Alhaji, gaba da baya. Ya sayo biyu in ya samu, zan biya ɗaya. Lawali, in ya iso ka kawo motar bayan la'asar, kuma ka zo da tsohon rediyon in ga irin bakin eriyarsa. Habibu, Juma'a ina jiranka da mita.

Habibu Direba:
In sha Allahu Malam. Daga masallaci sai wurinka.